Goggo Dije Ba Faɗowa Ta Yi Ba

Ina tsugune a gindin banda ina juya kifi, da hantsi, sai wayar Baba Arzika ta yi ƙara a cikin ɗaki. Ya shiga ya ɗauka. Ban ji abin da aka faɗa masa ba. Na dai ji ya yi salati, ya sake yi, sannan ya fito ya zauna a kan kifaffen turmi. Ya dube ni ya ce, "Kulu, goggonki ta riga mu." Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Goggo Dije ta rasu a Kende, a ɗakin 'yarta Balki, inda ta je taya ta zaman jego. Zazzaɓi ne ya kwantar da ita, bai kuwa ja da nisa ba.

Kafin azahar gidanmu ya cika. Kusan duk wanda ya shigo, da ya gama salati, tambayarsa ɗaya ce: "Daga rufin wa ta faɗo?" Baba Arzika, mijinta, ya amsa har ya gaji. Daga baya ko sallama bai bari a ƙarasa, sai ya ce, "Ba hwaɗowa tay yi ba. Bisa tabarma tac cika, kamar kowa." Wata tsohuwa ta share hawaye ta ce, "Allah sarki Dije, ashe da rabon ta mutu ƙasa." Matan da ke kuka suka yi dariya, suka koma kukansu.

Ni 'yar ƙanenta ce. Ta ɗauke ni riƙo tun daga yaye, a ɗakinta na girma a nan Bagudo. Ban iya magana a gaban mutane ba, ko gaisuwa ce in an yi yawa sai harshena ya naɗe. Shi ya sa na rubuta. Firamare kawai na gama, inda na yi kuskure a yafe mini. Wanda bai san ta ba zai yi mamakin abin da ya haɗa mace mai jikoki da rufin mutane, to shi ne abin da nake so in faɗa.

Goggo dillaliya ce. Takan haye kogi ta bi ta Ka'oje har iyaka, ta shiga kasuwannin ƙasar Benin, wadda mu nan muke ce wa Faranshi. Ta sayo atamfa da turare da kwanuka, ta bi gida gida tana kai wa matan kulle. Gajera ce mai faɗi, muryarta kuwa takan riga ta shiga gida. Unguwarmu ta masunta ce da ƙananan manoma. Turakun wutar lantarki a bakin kwalta suka tsaya, waya ba ta taɓa shigowa lungunmu ba. Da tocila muke, da fitilar kwalba in an sami kananzir. Sola kuwa muna hangenta a saman gidajen alhazai, mun ɗauka ita ma sai wanda ya je Makka.

Wata ranar kasuwa Goggo ta dawo da abu a rungume, ta naɗe shi da zane. Ta ce a cikin mota wata mata ta leƙo ta ce mata, "Allah raya." Ita kuma ta amsa, "Amin, amma kar ki taɓa, bai yi arba'in ba." Da ta kwance sai ga ɗan farantin sola, da tsaga a kusurwa ɗaya, da ƙaramin batir, da ƙwan fitila biyu, da takarda. Ta miƙo mini takardar ta ce in karanta.

Na ce, "Goggo, wannan Faransanci ne."

Ta ce, "Ba boko kinka yi ba? Boko duk boko na."

Na duba zanen da ke jiki na ce da alama jan waya da ja za a haɗa, baƙi da baƙi. Ta ce, "Ashe boko na da rana." Daga baya na ji cewa ta daɗe tana zama a rumfar wani mai gyara a can Faranshi, tana kallon hannunsa tana damunsa da tambaya, har ya ga koya mata ya fi sauƙi a kan korarta.

A ranar, bayan magariba, muka ci tuwo da haske. Baba Arzika ya leƙa kwanonsa ya daɗe yana kallo, ya ce, "Dije, ashe haka miyakki take?"

Ta ce, "Tun kana saurayi kaka ci cikin duhu kana yabo. Yau ka ga haske ka koma alƙali."

Daga nan mata suka fara aiko da yara a tambayo. Goggo ta san abin da ke hannun kowace mace a unguwar, domin ita ke shiga ɗakunansu. Ba ta kawo manya ba. Ƙanana take nema, waɗanda aka riga aka yi aiki da su, ko masu ɗan tabo da masu hali suka ƙi. Inda gida ɗaya ba zai iya ba, sai ta haɗa maƙwabta biyu ko uku a kan faranti guda, ta tsallakar da waya ta kan katanga. Abin da mace ta samu shi take karɓa, kaɗan kaɗan: busasshen kifi, shinkafa, wani lokaci zabuwa. Takan ce, "Rana ta Allah ta, ni abin tarbe kaɗai nika saidawa." In mace ta ce ita ba ta kai ba, sai Goggo ta ce, "Alhaji rana guda gare shi, ke ma guda gare ki. Ko tashi ta hi taki zahi?"

Akwai abin da ba ta sassautawa a kansa. Maigida yakan so a rataye ƙwan farko a zaure ko a turakarsa. Goggo sai ta ce to, ta wuce madafa ta rataye shi a can. In an yi magana ta ce, "Wadda ka dahwa abinci ita ka hwara gani." Ta ga ƙunar hannu da yawa a gidajen da take shiga, kuma ba ta manta ba.

Matsala ta farko daga sunan abin ta fito. Goggo ta ce sunansa faranti, kuma a ƙasa take jingine shi, ko a kan akurkin kaji. Ba a daɗe ba ƙorafi ya taso, wai wutar ba ta kai isha'i. Muka je gidan Inna Tumba, wata gwauruwa da ke bayan masallaci, muka tarar ta baza kuɓewa a kan farantin ta rufe shi ruf.

Goggo ta ce, "Tumba, mi na haka?"

Inna Tumba ta ce, "Ke kinka ce hwaranti na. Kuma wallahi ban taɓa ganin abin shanya kamatai ba, kahin la'asar ta bushe ƙayau."

A wani gidan tattasai muka tarar, a wani wankin jariri. Wata ta lulluɓe nata da zane don kada rana ta lalata shi. Wata amarya kuwa ta goge nata ta jera shi a ɗaka tare da kwanukan jerenta, ta ce abu mai tsada ba ya kwana waje. Inda mata suka kiyaye, awaki suka hau. Goggo ta ce ba makawa sai an ɗora su a saman rufi, inda hannu da kofato ba sa kaiwa.

A garinmu in namiji zai hau rufi sai ya yi kira tukuna: "Mata a shige ɗaka, za a hau bisa!" Dalili kuwa gidajenmu a manne suke, katangu gajeru, makewayi ba rufi. Wanda ya hau ɗaki ɗaya ya ga tsakar gidaje da yawa. Duk macen da ta ji kiran sai ta yar da taɓarya ta shige, ba ta fitowa sai an ce an sauka. Goggo ta ɗauko wani kafinta, mutumin kirki ne amma ba ya sauri. Ya hau da hantsi, har aka kira azahar yana neman inda ya ajiye ƙusa. Tuwo ya ƙone a gidaje, kifi ya ƙone a banda. Inna Tumba tana wanka kiran ya same ta, da sabulu a ido, sai ta kifa baho a ka ta tsuguna har ya sauka. Maza suka dawo daga kogi da gona ba abinci.

A nan Ladan Nomau ya shigo maganar. Shi ne ladanin masallacinmu, kuma tela ne, shagonsa na bakin lungu. Dogo ne siriri, mai tsare gaskiya, ba ya son abin da bai saba gani ba. Taubashin Goggo ne, tun suna yara ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ya tara maza ya ce daga yau ba namijin da zai ƙara hawa rufi a unguwar saboda wani faranti. Kowa ya yarda, domin kowa ya kwana da yunwa.

Goggo ta ji, ta ce hukuncin ya yi daidai. Washegari ta ɗauki wandon Baba Arzika ta sa a ƙarƙashin zane, ta ɗaure hijabinta a ƙugu, ta sayi tsani wurin kafintan nan, ta ce wa Baba ya zo ya riƙe mata. Baba Arzika mutum ne da ke faɗawa kogi lokacin da ya cika ya batse, amma ko kan jaki ba ya son hawa. Ya riƙe tsanin ya rufe ido yana karanta duk addu'ar da ya sani. Goggo ta hau. Kwanon rufi ya yi kuka, mu ma muka kusa yi, amma ta bi layin ƙusa inda katako yake, ta isa lafiya.

Mata ba su taɓa jin daɗin hawan rufi irin na ranar ba. Ba wadda ta ɓuya. Goggo tana ɗaure faranti tana gaisawa da gidaje huɗu a lokaci ɗaya. Ta hango gidan Ladan ta ƙwala wa matarsa kira, "Hajo, miyakki za ta zube!" Kafin ta sauko ta yi cinikin atamfa daga can sama.

Ana haka Ladan ya fito za shi masallaci, ya ga maza a lungu sun ɗaga kai. Shi ma ya ɗaga.

Ya ce, "La'ilaha illallahu! Dije! Mi kika nema bisa?"

Ta ce, "Hankalinka nika nema, an ce ya tashi sama."

Ya ce, "Sauko, tun kwanon mutane bai koma tabarma ba!"

Ta ce, "Kai dai tahi ka yi kiran salla, an hi son muryakka daga nesa."

Mutane suka yi dariya, amma wannan karon Ladan ba wasa yake ba. Maza suka sake taruwa. Suka ce mace mai aure a saman kawunan maza bai dace ba, balle yanzu da ake bin shari'a a ƙasa. Suka aiko cewa in Goggo ta ƙara hawa, ba gidan da za ta ƙara shiga, ko da allura za ta sayar. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Shiga gidajen nan shi ne abincinmu, kuma matan ciki su ne 'yan uwanta da ƙawayenta. In kuwa ta bari, farantan za su koma ƙasa wurin kuɓewa da awaki, matan da suka ba da kifinsu da shinkafarsu su koma duhu. Ranar ce na fara ganin Goggo ta bar tuwo a kwano. Ta zauna tana kallon tsanin, ba ta tsokani kowa ba. Ni kaina na tsorata, domin gidanmu bai saba da shiru ba.

Ita ta nemi a kai maganar gaban mai unguwa da Liman. Aka zauna a zauren mai unguwa bayan la'asar. Maza suna ciki, Goggo ta zauna daga bakin ƙofa ta wajen gida, ni ina bayanta na ɓoye fuska a hijabinta. Limaminmu tsoho ne mai sanyin hali, yana jin magana har ƙarshe kafin ya tanka. Ladan ya yi bayani mai tsawo, kuma bai faɗi ƙarya ba. Ya ce in mace tana sama ido zai kai gare ta, ko mutum bai yi niyya ba.

Goggo ta ce, "Allah gahwarta Malam, ni jahila ta, tambaya gare ni. In namiji ya hau bisa, wa ka ɓoyewa?"

Liman ya ce, "Mata."

"Mi matan sunka yi?"

"Ba su yi komi ba. Ido aka gudu."

"Idon wa?"

"Na namijin da yah hau."

"To in mace ta hau, idon wa aka gudu?"

Can Liman ya ce, "Na namiji dai."

Goggo ta ce, "Ashe ido guda na ka wahal da mu. Muna ƙasa, shi na. Muna bisa, shi na. Tun kakanninmu muka barin tukunya bisa wuta muna shiga ɗaka sabodai. Ko sau guda, Malam, a ce ma mai idon shi sunkuyar da abinai."

Mai unguwa ya kama tari. Liman ya ja gefen rawaninsa ya rufe baki, kafaɗunsa suna rawa. Da ya natsu ya juya wurin Baba Arzika ya tambaye shi ko da yardarsa take hawa.

Baba ya ce, "Da yardata ta, Malam. An dai gaya min bayan an ɗauki wandon."

Liman ya ce shi bai san inda aka hana mace gyaran rufi ba, amma ya san an umarci namiji ya kame idonsa. Ya ce Dije dattijuwa ce, ta hau. Sai dai ta suturta jikinta, kada ta hau lokacin salla, kuma ta yi kira kafin ta hau kamar yadda maza ke yi.

Ladan ya ce, "Malam, wuyanmu hwa?"

Liman ya ce, "Wuyan da ka wuni sunkuye bisa keken ɗinki, Nomau?"

A hanyar gida Goggo ta raɗa mini, "Kin ji ya ce dattijuwa? Yau kaɗai na yarda na tsuhwa."

Washegari da hantsi unguwarmu ta ji kiran da ba a taɓa ji ba. Goggo ta tsaya a gindin tsani ta buɗe murya: "Maza a sunkuyar da kai, Dije za ta hau bisa!" Masu saƙar taru a gindin darbejiya suka sunkuya. Mai shayi ya sunkuya yana zuba ruwan zafi a gefen kofi. Wani ɗan kabu-kabu a kan babur ya sunkuya bai tsaya ba, ya shige cikin zanan mutane da fasinjansa. Wani baƙo daga Geza ya shigo lungu ya ga dattawa duk sun zuba wa ƙasa ido, sai ya ajiye buhunsa ya tsuguna yana tone ƙasa da yatsa. Da ya gaji ya ce, "Wai don Allah mi yab ɓace?"

A hankali aka saba. Mutum yana tsakiyar ciniki zai ji kiran, ya sunkuya, ya ci gaba da cinikinsa da ƙafar mai kaya. Ladan kaɗai bai sunkuya ba. Laima ya saya, baƙa, duk inda za shi yana riƙe da ita ko ba rana ba ruwa. Ya ce shi bai kalli sama ba, kuma bai sunkuya wa Dije ba. Gidansa ma bai yarda an sa faranti ba.

Aikin bai ƙare da ɗorawa ba. Unguwarmu ta banda ce, hayaƙin kifi ba ya yankewa, kuma yakan kwanta a kan farantan ya yi baƙi kamar gindin tukunya. In ba a goge ba wuta sai ta yi ta raguwa. Don haka Goggo ta riƙa zagayawa da tsumma da ɗan bokiti, Baba Arzika na biye da tsani. Ba ta karɓar komai a kan wannan. Duk macen da ta tambaye ta yadda ake taka kwano, takan nuna mata a kan rumfa ko ɗakin awaki. Ba ta taɓa faɗin abin da ta hango a gidan wani ba. Ta ga gidan da ba a ɗora tukunya ba, ta ga inda ake faɗa. In ta sauko sai dai in ga ta auni shinkafa ta ce in kai gidan wance, in ce saƙo ne daga Faranshi. Na taɓa tambayarta abin da ake gani daga can, ta ce, "Rana da ungulu."

Lasifikar masallacinmu da batir take aiki, a da sai an ɗauke shi an kai kasuwa caji. Muryar Ladan kuma ta fara tsufa, in batir ya mutu masu kogi ba sa jin kira. Goggo ba ta yi shawara da kowa ba. Ta ɗora faranti a rufin Inna Tumba, ta ba Baba Arzika waya ya zura ta tagar masallaci. Tun daga ranar lasifika ba ta ƙara mutuwa ba. Ladan bai yi godiya ba. Ya tsaya a ƙarƙashin laimarsa ya dubi bangon ya ce, "Wayar ta karkace."

Goggo ta ce, "Kamar ɗunkinka."

Iyakar abin da suka ce a kai ke nan.

Da aka kawo ta daga Kende aka yi mata sutura, Ladan yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. Ta ɗan jima a Kende kafin rasuwar, don haka tun ana zaman makoki wutar gidaje ta fara yin ja, tana ɗaukewa da wuri. A tabarmin maza na ƙofar gida aka fara magana ƙasa ƙasa, cewa Dije aka ba izini don ta tsufa, yanzu kuwa magana ta ƙare. Mata a ciki suka ji. Inna Tumba ta ce mini a hankali, "Kulu, kin ga mun koma gidan jiya." Ana haka wata la'asar lasifika ta ɗauke Ladan yana tsakiyar kira, ya ƙarasa da bakinsa.

Bayan addu'ar bakwai, da safe, mutane ba su gama watsewa ba, aka yi sallama a zaurenmu. Ina kawo wa Baba Arzika kunu, sai ga Ladan, ba laima. Ya rame. Ya zauna suka gaisa, ya sake yin ta'aziyya, sannan ya ce, "Arzika, aron tsani niz zo."

Baba ya ce, "Kai za ka hau?"

Ya ce, "Ni? An hana maza. Ni nah hana."

"To wa?"

Ladan ya nuna waje da haɓa. Inna Hajo ce tsaye cikin hijabi, da tsumma da bokiti. A ƙasan zanenta ƙafafun sabon wando sun leƙo, shuɗi, ko wanki bai gani ba.

Ladan ya ce, "Ni niɗ ɗunka." Ya dubi ƙofar ɗakin Goggo, ya ce, "Kuma bai karkace ba."

Shi ya ɗauki tsanin da kansa har gidan Inna Tumba, muka bi su. Wani daga cikin masu zaman makoki ya matsa kusa da Liman ya ce, "Malam, Hajo ta tsuhwa?" Liman ya ce, "Tahi ka tambaye ta, in kana iyawa." Bai je ba.

Ladan ya jingine tsani ya riƙe shi da hannu biyu. Ya sunkuyar da kai har haɓarsa ta taɓa ƙirji. Ya fara, "Maza a sunkuyar..." sai muryar ta karye. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana kiran salla bai taɓa sarƙewa ba. Ya share fuska da hannun riga, ya ja numfashi, ya sake ɗaga murya yadda masu kogi ma suka ji: "Maza a sunkuyar da kai, Hajo za ta hau bisa!"

Duk suka sunkuya, har Liman da mai unguwa. Na ga ƙasa tana jiƙewa a gaban wasu dattawa, kuma ba wanda ya ga wani, tun da kowa ƙasa yake kallo. Inna Hajo ta hau tana bin layin ƙusa. Da ta isa ta goge farantin, ta tsaya ta dubi gidaje, ta ce, "Tumba, akuyakki na cin garinki!" Da azahar lasifika ta tashi. Kafin sati ya zagayo wasu matan sun aiko wa Ladan da yadi, yanzu ɗinkin wando ya yi masa yawa.

Ya Allah, ga baiwarka Dije ta zo gare ka. Ka gafarta mata, ka yafe mata abin da harshenta ya yi na wasa, ka karɓi abin da hannunta ya yi na alheri. Ta rufa asirin gidajen da ta gani, ka rufa nata ranar tonon asiri. Ka yalwata kabarinta ka haskaka shi, ka sa Aljanna ce makomarta. Ka ba Baba Arzika haƙuri, shi da har yanzu yake juyawa ya ba ta amsa in an yi magana. Ka ba Yaya Balki da 'yan uwanta dangana, ka raya jaririn da ta je gani, ka sanyaya zuciyar Ladan Nomau da ya rasa abokiyar faɗa. Ka riƙe ƙafar duk macen da ta hau, ka ba masu sunkuyawa ladan wuyansu. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo, a bisa ko a ƙasa, ka sa mu cika da imani. Amin.